Bayan Kwamfutar Kawu

Cikin goman farko na azumin 2020, bayan mun idar da asham a tsakar gida, na zauna a ɗakina a Kaduna ina kallon fuskar wata kwamfuta da ke ajiye a Tudun Wadan Zariya. Wajen kilomita 80 ne tsakanina da ita, amma ga ta a gabana kamar in miƙa hannu in taɓa: hoton masallacin Madina da Kawu ya sa aka ɗora masa, da jakar fayil ɗin da na raɗa wa suna "Kaset" da hannuna shekara biyu kafin nan. Na buɗe fayil na farko a cikinta. Ɗan layin da ke nuna tafiyar sauti ya kama hanya, daƙiƙa ɗaya, biyu, goma, talatin. Ban ji komai ba. Na ƙure ƙarar tawa kwamfutar, na zare iyafis na mayar, na kunna wani karatu da ke cikin tawa don in tabbatar ba daga wajena ba ne, ya tashi raɗau. Na koma ta Kawu. Shiru.

Dare uku na yi ina fama da wannan shirun, kuma a cikinsu na tuna kusan duk abin da na koya a sana'ar da na shiga tun ina saurayi, har da wanda na bari ya kuɓuce mini.

A 2003 aka kai ni koyon gyaran kwamfuta, a wani shago mai ƙofa ɗaya a bakin hanyar da ta nufi Kongo. Tudun Wada unguwa ce da ta zauna tsakanin Birni da Sabon Gari, kuma takarda ta daɗe da sanin hanyarta. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a cike, kafin babban aikinsa ya koma Shika a 2005. Ga harabar jami'ar ta Kongo da ɗaliban shari'a da na harkar mulki, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya kusa da ita. Kowa a cikinsu yana da abin bugawa, daga kundin kammala karatu har katin ɗaurin aure. Masu tafireta suna ta raguwa, shagunan buga takardu suna ɓullowa kamar ciyawar farkon damina, kuma duk inda aka ajiye kwamfuta uku, za ka tarar ɗaya tana kwance.

Duk kwancen Turai ne, waɗanda ofisoshin can suka gama da su aka lodo a kwantena zuwa Legas, daga kasuwar Ikeja su hau mota su iso mana da lambobin wasu kamfanoni manne a jikinsu. Pentium III ce ta fi yawa, da ram megabait 128, wani lokaci 64. Ƙurar hunturu ta cika cikinsu, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone wani abu, faifan fulofi ya kwaso musu cuta daga shago zuwa shago. Kusan kowace cuta kuwa magani ɗaya muke yi mata, wato fomatin: a share komai, a zuba sabuwar Windows. Har kalmar ta shiga bakin waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Dattijo zai turo yaro da akwatin a bayan mashin, saƙon kawai shi ne a ce da Injiniya a yi mata fomatin.

Windows XP ta fito a Oktoban 2001, shekarar da wayar GSM ta shigo Nijeriya, kuma ita ce ta raine mu a wannan aiki. Har yau in na rufe ido ina ganin shuɗin allon farko, da wurin da take cewa saura minti 39, ta tsaya a kan 39 ɗin har mutum ya je ya yi alwala ya dawo. Lambar shigarwa haruffa 25 ce, biyar-biyar gida biyar, kowane yaron shago ya haddace ta kamar karatun allo, kuma ita ɗin dai muke sa wa kowa. Babban abin tsoro shi ne a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. In aka ɗauke sai a koma farko, in kuma maigida ya ce a ja janareta, kuɗin mai ya cinye ribar.

Gama zuba Windows rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne neman direbobi, ƙananan manhajojin nan da ke sa Windows ta ji yaren kowane sashe na cikin akwatin. Sai ka buɗe jerin na'urori ka tarar da alamar tambaya ruwan ɗorawa a nan da can. Na sauti ne ya fi ba mu wuya, kuma shi ne mai kaya ya fi damuwa da shi. Ba a biyan kuɗin aiki sai an ji ɗan kiɗan nan da XP ke yi idan ta tashi. In bai fito ba, a wurin mai ita kwamfuta ba ta warke ba, ko da kuwa takardu kawai yake bugawa. Sai mu kwance murfi, mu haska tocila a kan babban allon ciki, mu nemo ɗan baƙin guntun da ke kula da sauti mu karanta sunansa. In muka ga hoton ƙaguwa mun san Realtek ne, hankali ya kwanta. In baƙon suna ne, to sai kwanan kafe: a biya kuɗin dare, a zauna gaban intanet mai tafiyar hawainiya ana jiran fayil guda ya sauka kafin asuba. Da aka fara kawo masu sabon tsarin sauti kuma, direban ba ya hawa sai an fara sa wani ɗan faci na Microsoft, KB888111. Har yau lambar tana kaina.

Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin da ya juyo kan kwamfuta da girmansa. Doka ɗaya ya kafa mini tun makon farko. Duk kwamfutar da aka kira mu mu duba, kafin in taɓa madannai sai na juya ta na ga bayanta. In durƙusa, in bi kowace waya da yatsa daga inda ta fito zuwa inda ta shiga. Akwai ramuka uku ƙanana a jere, kore na lasifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga waje, kuma ba sau ɗaya ba mun hau mashin har Sabon Gari ko Gyallesu don kawai mu zare waya daga shuɗi mu mayar kore. Irin wannan ba ya karɓar ko kwabo. Yakan ce da mai kayan, "Lafiyarta ƙalau, Alhaji, hanya ce ta ɓace mata."

Wajen 2007 laftof masu sabon irin rumbun ajiya, wanda ake kira SATA, suka fara yawa. Vista ce a kansu, mutane kuma XP suka saba da ita, kowa yana so a mayar masa. Sai dai faifan XP na asali bai san wannan rumbu ba. Yakan ce bai ga inda zai sauka ba, ko ya watso shuɗin allo. Hanyar da aka tanada ita ce a danna F6 a farkon aiki a ba shi direban a faifan fulofi, alhali laftof ɗin ba ta ma da ramin fulofi. Wasu mukan shiga BIOS mu sauya musu tsari su yi kamar tsohon rumbu. Waɗanda suka ƙi, sai da wata manhaja mai suna nLite, wadda ke ba mutum dama ya warware faifan Windows kamar yadda tela ke farke riga, ya cusa direban da yake so, ya cire abin da ba ya so, ya ɗinke, ya buga sabon faifai.

Amma ɗinkin kai yana cin lokaci, ga kuma ɗinkakku suna yawo. Faifai suka riƙa wucewa hannu zuwa hannu, an rubuta musu suna da baƙin alƙalami: wannan baƙa ce, wannan ƙarama, wannan ta masu wasa. Wasu mutane ne a wasu ƙasashe suka zauna suka rage wa Windows kaya suka saka a intanet. Ba ta tambayar lamba, cikin ɗan lokaci ta hau, kuma kwamfutar da ke jan ƙafa sai ka ga ta miƙe. Wanda yake aiki da janareta ya san darajar minti ashirin. Ba zan zauna yau in ce mugunta ce ta sa mu ba. Lasisin Windows na gaskiya ya kai kuɗin tsohuwar kwamfutar da za a sa wa ita, ko ya fi, kuma ban taɓa ganin wanda ya shigo shagonmu da shi ba. Da babu gara ba daɗi, haka muka ɗauka. Abin da nake tuhumar kanmu da shi daban ne. Ba mu bincika me aka cire ba, kuma ba mu taɓa gaya wa mai kaya cewa an cire wani abu ba. Mutum ya ba ka amanar kayansa, ka mayar masa fuska sumul, ciki da giɓi, sai ranar da ya nemi abin ya tarar babu.

Wanda ya rage kayan kuwa da ma'aunin bukatarsa ya rage. Shi dai wasansa ya yi gudu. Firinta ba ta dame shi ba, sai ya cire. Harsunan duniya, in ban da nasa da Ingilishi, nauyi ne kawai a wurinsa. A nan abin ya taɓa mu inda ya fi zafi, kuma Kawu ne ya fara nuna mini.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya ƙarar da ƙarfinsa a maɗaba'ar Gaskiya, wadda aka kafa a 1945, gidan da ya riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Aikinsa jera haruffan dalma, ɗaya bayan ɗaya, a juye, har yatsunsa suka san ɓ da ɗ da ƙ ko a cikin duhu. A wurinsa, wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ya faɗi abin da ba shi ke nan ba, ko bai yi niyya ba. Da ya ga yadda shagunanmu ke buga Hausa, wasu ba ƙugiya sam, wasu a bi da biro a lanƙwasa wa harafi kai, sai ya ce abin da aka gyara tun kafin a haife shi mu muka zo muka ɓata. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya share mana hawaye da nau'o'in rubutun da ya ƙirƙira, Rabi'at da Abdalla, masu ɗauke da haruffa masu ƙugiya, duk mai buga Hausa yana yawo da su a fulofi, daga baya a filashi. Sai dai in an yi fomatin aka manta ba a mayar da su ba, kundi mai shafi ɗari biyu zai buɗe da wasu alamomi barkatai a duk inda ƙugiya take. Na ga ɗaliba ta fashe da kuka a shagonmu saboda haka, saura kwana biyu ta miƙa aikinta, ta ɗauka ya lalace. Daga baya Windows da kanta ta zo da tsarin madannai na Hausa. Abin da aka daɗe ana jira ke nan, amma a ragaggun faifanmu harsuna ne farkon abin da almakashi ke ci.

Almakashin yakan ci wani abu kuma da ba a gani sam. Ragaggiyar Windows galibi an toshe mata ƙofar sabuntawa, mu ma mun so hakan saboda tsadar data, sai kwamfuta ta shekara biyar ba a ɗinke mata ɓaraka ko ɗaya ba. A Mayun 2017, da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, facin da ke tare ta ya riga ya fito tun watan Maris. Na karanta labarin ina lissafa kwamfuta nawa na sallama da hannuna da ƙofa a toshe. Kuma zancen bai mutu ba. An daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a Oktoban 2025. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro, TPM 2.0, wanda da yawa daga tsofaffin kwancen da ke hannun ɗalibanmu ba su da shi. Yaran da suka gaje mu sun ajiye faifai sun koma filashi, suna tsallake shingen da Rufus, ko su ɗora wata ragaggiya mai sabon suna. Sun fi mu sauri, sun fi mu kayan aiki. Da za su ji tawa, da sun riƙa faɗa wa mai kaya abin da suka sa masa, da bakin da zai gane, su bar shi ya zaɓa. Wanda bugun takarda da intanet kawai yake yi kuma a gwada masa Linux Mint, kyauta ce, ba sata a cikinta, tana kuma ɗaukar tsohuwar na'ura ba tare da an yanke mata komai ba.

Shekaru suka ja. Wayar hannu ta cinye rabin aikin kwamfuta, kafe-kafe suka rufe ɗaya bayan ɗaya, shagonmu ya koma wurin cajin waya da cirar kuɗi. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa. A 2016 na koma Kaduna na kama aikin kula da kwamfutocin wani ofis, inda yawancin gyara ba na tashi daga kujera. Mutum ya kira daga wani bene ko wani gari, in shiga kwamfutarsa daga tawa, in gama, ban ga fuskarsa ba.

A 2018 Kawu ya kira ni ya buɗe wata tsohuwar adaka. Kaset ne arba'in da 'yan kai, hirarrakin da ya ɗauka da rikodarsa a shekarun 1980 da tsofaffin abokan aikinsa da dattawan unguwa, har da mahaifiyarsa, kakata. Kusan duk masu maganar sun riga mu gidan gaskiya. Yana so a rubuta su kafin zaren ya ruɓe. Na samo masa tsohuwar kwamfutar tebur mai ram gigabait 2, na ɗora mata ragaggiyar Windows 7 da ke filashina, don ina sauri in koma Kaduna. Na jona rikoda a shuɗin rami, na nuna wa Auta, 'yarsa ta ƙarshe, yadda za ta riƙa juye kaset ɗaya-ɗaya in an kawo wuta. Wata huɗu ta yi tana yi. Ba mu matse sautin ba don kada kyansa ya ragu, minti ɗaya yana cin wajen megabait 10, kaset mai minti 90 ya tasam ma 900. Rubutawar kuwa muka ce sai an samu sarari.

Sararin ya zo ta inda ba a so. A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta sa dokar zaman gida saboda korona, aka rufe makarantu da kasuwanni da masallatai, aka hana zirga-zirga. Kawu ya bugo waya ya ce, "Kai ɗan nan, ga lokaci Allah ya kawo. Ni ban san nawa ya rage mini ba." Turo fayilolin ta layin waya ba zai yiwu ba, sun haura gigabait 30, kuma lamba kawai Auta ta sa musu, sai an saurara za a san wane ne wane. Na ce ba komai, zan shiga kwamfutar daga nan in riƙa saurare ina rubutawa.

Daren farko Auta ta tayar da ƙaramin janareta, ta jona wayarta da kebul don kwamfutar ta samu intanet, ta karanto mini lambobi tara na AnyDesk ta ƙaramar wayar Kawu. Na shiga. Ta ce Baba ya matso da kujera yana kallon kibiya tana yawo ita kaɗai a allo, yana ta salati. Sai shirun nan. Na nemi ɗan hoton lasifika a kusurwar ƙasa, babu shi, mai ragewa ya ɗauke. Na buɗe wurin saitin sauti, ya ce babu na'urar sauti a wannan kwamfuta. Nan take hankalina ya tafi inda ya saba tun 2003: direba. Na sauke, na ɗora, na sake tayar da ita. Na cire, na ɗora wani. Datar Auta ta ƙare, man janareta ya ƙare, muka yi sai da safe.

Dare na biyu na canza hanya. Manhajoji irin su AnyDesk da TeamViewer, dukansu na kamfanonin Jamus, aikinsu kamar na mai leƙe ta taga ne: abin da allon can ya nuna shi suke ɗauko maka, abin da kwamfutar can ta furta shi suke kwaso maka. Remote Desktop na Windows, wanda ke nan tun zamanin XP, dabararsa daban ce. Yana rufe allon can, ya buɗe maka zama naka, ya ƙirƙiri wata lasifika ta cikin manhaja, marar jiki, duk sautin da aka zuba mata sai ya biyo layi ya fito a wajenka. Ko katin sautin can ya ƙone ba ruwansa. Kafin ka shiga yana ba ka zaɓi uku, a ji a nan, a ji a can, ko kada a ji ko'ina, kuma da yawa daga masu kawo mini kukan rashin sauti a ofis wannan zaɓin kawai suka bari inda bai dace ba. Wahalarsa a wajenmu ita ce isa ƙofar. Yana saurare ne a ƙofa mai lamba 3389, layukan waya kuwa suna tara jama'a a bayan adireshi guda, kamar gidan haya mai zaure ɗaya da ba wanda zai nuna maka ɗaki. Barin wannan ƙofa a buɗe ga duniya ma ganganci ne, balle bayan ɓarakar BlueKeep ta Mayun 2019, wadda ta sa aka fitar da faci har wa XP da aka daɗe da sallama. Sai na haɗa kwamfutocin biyu da ZeroTier, wadda ke sa su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya.

Na shiga. Allon Kawu ya rufe, ya ce da Auta ta tambaye ni ko kashewa na yi. Na zaɓi a ji a nan, na kunna. Shiru. Na buɗe jerin ma'aikatan ɓoye na Windows, waɗanda ke ɗawainiya ba a ganinsu. Mai kula da sauti yana nan yana aiki. Na gangara neman wanda ke karkatar da na'urori zuwa ga mai shigowa daga nesa, UmRdpService. In kashe shi aka yi, tayarwa danna biyu ce. Babu shi a jerin gaba ɗaya. An cire shi tun kafin manhajar ta zo hannuna, lasifikar nan marar jiki kuma ba ta ɓullo ba. Na daɗe ina kallon wurin da ya kamata sunan ya kasance. Ba wanda ya sa wa Kawu wannan Windows sai ni, ni da na san halin irinta, kuma ban ce masa uffan ba. Gyaranta na gaskiya shi ne a sake zuba cikakkiya, wannan kuwa sai mutum ya zauna gabanta da filashi a hannu, ga hanya a rufe.

Dare na uku na kira ne don in ba da haƙuri, a bari sai an buɗe hanya. Na koma ta AnyDesk don Kawu ya riƙa ganin abin da nake gani, Auta ta miƙa masa waya.

"Kawu, Allah ya ja kwana, laifina ne. Abin da na sa mata ragagge ne, ban kuwa faɗa muku ba."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, na ji. Amma da a ce kana cikin ɗakin nan, da me za ka fara?"

Na buɗe baki in ce direba, maganar ta tsaya mini a wuya. Da ina ɗakin, ba zan fara taɓa madannai ba. Shekara huɗu ina gyara daga kujera, allo yana zuwa har gabana, har na saba ɗaukarsa shi ne kwamfutar gaba ɗaya, alhali fuska ce kawai. Ba manhajar da za ta nuna maka ƙura, ko wayar da ɓera ya ci, ko ramin da ba komai a cikinsa.

"Auta, ɗauki tocila ki leƙa bayanta. Akwai ramuka uku ƙanana a jere."

"Na gan su, Yaya."

"Me ke cikin koren?"

"Ba komai. Ai lasifikun, Yaya Babba ya ɗauka tun kafin a rufe gari, ya kai shagonsa."

Katin sauti na zamani yana jin ko an soka masa wani abu. In koren rami ba komai, sai ya gaya wa Windows ba kowa, ita kuma ta ɓoye na'urar daga jeri ta ce babu. Kwamfutar da ba ta da bakin furtawa, mai leƙe ta taga ba abin da zai kwaso. Direban lafiyarsa ƙalau tun daren farko.

Babu wata lasifika a gidan. Auta ta shiga ɗaki ta dawo da wani tsohon iyafis, kunne ɗaya ya mutu, wayarsa an naɗe ta da salatif. Ta soka. Ina kallo daga Kaduna, a cikin akwatin da ya kwana biyu yana cewa babu, hoton lasifika ya fito da 'yar alama koriya a gefensa. Na ce ta sa wa Baba mai ran a kunne.

Na buɗe fayil na farko. Sai hucin tsohon kaset, da ƙarar maɓallin rikoda, da carar zakara can nesa a wani gida na Tudun Wada, wata safiya shekara talatin da wani abu da suka wuce. Sannan muryar Kawu, mai ƙarfi, ba rawa a cikinta, yana faɗin rana da wata. Sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya ta tambaye shi ko abin ya fara ɗauka. Rabona da muryar nan tun ina aji uku a firamare. Sautin yakan ɗan yanke in sabis ya yi rauni, ya dawo. A wayar da ke ɗaya kunnena na ji Auta tana cewa, "Baba, lafiya?" Bai amsa mata ba. Can ya karɓi wayar.

"Mayar da shi farko, ɗan nan. Ka shirya rubutu. Kuma ka sa mini ƙugiyoyina."

Na jawo madannai kusa, na ja layin ya koma farko.